Abin da Tsabta Ta Ja wa Glenda

Duk wanda ya taɓa bi ta layin tsohuwar masaƙa a garinmu, nan yammacin Yorkshire, ya san gidan Glenda Oldroyd ko ba a nuna masa ba. Shi ne mai dokin ƙofa fari fat. Kowace safiya takan durƙusa ta goge shi da burushi, yadda ta ga uwarta tana yi, ita ma uwar haka ta gani wurin tata. A zuriyarsu mace tana iya kwana da yunwa, amma ba ta yarda maƙwabta su ga labulenta da dauɗa. In kuma aka tambaye ta yaya gida, amsa ɗaya ce, lafiya lau, ba ma kuka, ko da rufin ɗakin yana yoyo a kanta lokacin da take faɗa.

Shekara talatin da ɗaya Glenda ta yi tana dafa wa 'yan firamare abincin rana. Rabin garin nan sun ci dankalinta, har da wasu masu saka kwat a ƙaramar hukuma, waɗanda yau ba sa ɗaukar wayarta. Ta auri Trevor, direban bas, mutum mai shiru-shiru, suka daɗe ba haihuwa. Sai da ta kusa arba'in aka sami Declan. Yaron ya zo da larurar galahanga. Bai yi magana ba sai yana shekara shida, har yau kuma kalmominsa ba su wuce a ƙirga ba. Yana son jirgin ƙasa, yana son kallon injin wanki in yana juyawa. Amma in abu ya canza masa, ko hanyar bas ko kalar kofi, sai ya shiga buga kansa a bango, wanda ya tare shi kuwa jikinsa zai gaya masa. Ba mugunta ba ce, Glenda ta fi kowa sani. Sai dai yaron jiya ya zama ƙato, ya fi ta tsawo da kai guda.

Tun Declan yana shekara biyar take zarya a ƙaramar hukuma. Akwai takardar da suke rubutawa, wadda ke faɗin irin taimakon da yaro yake buƙata a makaranta. Doka ta yanka musu 'yan watanni su gama ta, su kuma suka ga shekara biyu ta fi dacewa da martabarsu. Sau biyu suka ɓatar da fayil ɗinsa. Jami'ai goma sha ɗaya aka ba shi a tsawon karatunsa, kowanne ya zo sai ya gyara zama ya ce, "To, Madam Oldroyd, ba ni labarin tun daga farko." Ta bayar, ya rubuta, kafin ya gama fahimta an yi masa canjin aiki. Wasiƙunsu duk da "muna matuƙar baƙin ciki" suke farawa. Ban taɓa ganin ma'aikatar da ta kai tasu baƙin ciki ba, ko wadda baƙin cikinta ya kai nasu rashin amfani. Trevor ya rasu Declan yana sha bakwai, ya bar ta da ɗan da kuma akwati guda na waɗannan wasiƙu.

Da Declan ya cika ashirin da biyar, takardar ta daina aiki. Kwalejin da yake zuwa kwana uku a mako ta sallame shi, ƙaramar bas ɗin da ke ɗaukarsa ta daina tsayawa. Aka ce yanzu shi babba ne, sashen manya zai karɓe shi. Sashen yara yana hawa na biyu, na manya yana hawa na uku, gini ɗaya. Wata goma sha huɗu fayil ɗin ya yi bai gama hawa matakalar ba. Glenda da ciwon ƙugunta da sandarta ta taɓa hawanta a minti biyar.

Ƙugun nan shi ne ya kawo maganar da nake son bayarwa. Ƙashin ya cinye, likita ya ce sai an yi tiyata an canza shi. Shekara biyu tana kan layi, sannan takarda ta zo, an sa mata ranar sha huɗu ga Maris. Abin da take buƙata bai taka kara ya karya ba: wurin da za a riƙe mata Declan na mako uku, har ta iya tsayawa da ƙafarta. In ba a samu ba, ba tiyata. Hukuma ta ce ba komai, amma sai jami'a ta zo gida ta gani da idonta ko akwai buƙata.

Doreen Ackroyd, ƙawarta tun suna fere dankali tare, ita ta yi jinyar mijinta shekara shida, ta san mutanen hukumar ciki da bai. Tana jin an sa ranar ziyara ta tako har gida.

"Ke Glenda, buɗe kunnenki. Kar ki taɓa tsintsiya. Kar ki wanke ko cokali. In yarinyar ta tambaye ki, ranar da ta fi kowace muni za ki ba ta labari."

"Haba Doreen, baƙuwa za ta shigo min gida ta same shi kamar turken alade?"

"Baƙuwar wa? Awo ta zo yi, ba biki ba. In ta ga kina murmushi, kin kashe kanki."

"To ni sai in zauna ina tona wa ɗana asiri a gaban sa'ar 'yar cikina?"

"Tona, 'yar uwa. Asirin da kika rufe shekara ashirin da biyar, me ya saya miki? Ko sandar nan da kuɗinki kika saya."

Glenda ta ce ta ji. Ta ji ɗin kuwa, amma hali zanen dutse. Ana saura kwana uku ta ce bari ta ɗan share falo kawai. Daga falo ta wuce kicin, daga kicin ta sauke labulaye. Ramukan da kan Declan ya yi a bangon matakala ta rufe su da hotunan bikinta da kalanda. Ƙofar banɗakin da ya ɓalle ta sa aka mayar. Ranar ziyara ta yi masa aski, ta sa masa rigar zuwa coci, ta kunna masa injin wanki ba komai a ciki don ya zauna lafiya. Ita kuma ta sa riga mai dogon hannu, saboda shatar yatsunsa tana nan baƙi ƙirin a damtsenta. Sandar ma ta tura ta bayan kujera. Sannan ta gasa kek.

Jami'ar sunanta Imogen, yarinya mai fara'a, wata biyu da kama aiki, da 'yar kwamfuta a cinya.

"Kai, Madam Oldroyd, gidanki sai ka ce otal."

"A'a, 'yata, ki yi haƙuri da hargitsin. Ƙara kek mana."

"Yaya kuke fama da Declan?"

"Muna lallaɓawa. Yaron kirki ne."

"Yana barci sosai?"

"Wataran." A makon nan bai taɓa wuce awa uku ba.

"Ya taɓa yi miki rauni?"

Glenda ta gyara hannun rigarta. "Ba da gangan ba."

"Akwai masu taimaka miki?"

"Maƙwabta na kirki gare ni, ba ma kuka."

Minti arba'in Imogen ta yi, ta sha shayi kofi biyu, aka naɗe mata sauran kek ta tafi da shi. Ba ta ɗaga kalanda ba. Ba ta tambayi me ya sa kalandar bara take rataye daidai tsawon kan mutum a tsakiyar matakala ba. Fom ɗinta ba shi da gurbin wannan tambayar.

Wannan karon wasiƙa ba ta ɓata lokaci ba, kwana tara ta iso. Ta ce iyalin suna tafiyar da al'amuransu cikin nasara, gida yana cikin kyakkyawan yanayi, uwar tana da ƙarfin hali da goyon bayan maƙwabta, saboda haka ba a ga buƙatar wurin riƙo ba a halin yanzu. Ga hukumar da ke neman inda za ta ce a'a, faɗuwa ta zo daidai da zama. Sun san sarai irin matan layinmu ba sa kuka a gaban baƙo. A cikinsu suka girma. Amma sun tsara awonsu yadda sai wadda ta kwanta a ƙasa tana birgima za ta ci.

Doreen ta karanta a tsaye, ta ajiye a kan tebur.

"Kek kika yi mata."

"Ɗan ƙarami ne."

"Wallahi da ba ki da ciwo da na make ki da sandar nan. Ɗauko biro."

Suka rubuta ƙorafi. Hukuma ta yi kunnen uwar shegu mako uku, sannan ta amsa cewa za a sake awo ranar biyu ga Maris. Doreen ta tare a gidan kamar mai gadi. Ta ƙwace burushi ta kai gidanta. Ta sauke hotuna da kalanda, ramukan suka fito fili. Kwana huɗu ba a wanke kwano ba, kayan wanki suka taru a falo, dokin ƙofa ya yi baƙi. Glenda ba ta taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba. Ko mai kawo wasiƙa ya ƙwanƙwasa, sai ta yi shiru kamar ba kowa. Ciwon ƙugun bai hana ta cin abinci ba, amma ganin kicin ɗin ya hana ta.

Ranar biyu ga wata ta zauna da riga mai gajeren hannu, tana jiran a buga ƙofa. Ƙarfe goma sai waya ta yi ƙara. Wani ne mai suna Rupert daga sashen manya. Ya ce Imogen ta bar aiki, kuma saboda ƙarancin ma'aikata yanzu ta waya ake sake awo.

Doreen ta dubi tarin kwanonin, ta dubi rufin ɗaki, ta dafe kai. Sannan ta tsaya a kan Glenda tana nuna ta da yatsa, alamar ta faɗi gaskiya.

Glenda ta faɗa. A karo na farko a rayuwarta ta faɗa wa bare. Ta ce ɗanta ya taɓa ture ta daga matakala. Ta ce tana kulle kanta a banɗaki in abin ya taso masa, tana jin ƙarar kansa a bango, tana ƙirgawa. Ta ce ita take yi masa wanka, kuma yanzu ba ta iya sunkuyawa sai ta ciji leɓe. Ta ce tsoro take ji, tsoron ranar da za ta faɗi ta kasa tashi, shi kuma yana tsaye a kanta bai san lambar da ake kira ba. Tana magana hawaye na zuba, tana jin kamar ta sayar da yaron a kasuwa. Doreen ma sai da ta juya baya.

Rupert ya saurara, ana jin ƙarar yatsunsa a kan kwamfuta. Ya ce lallai wannan babban al'amari ne, kuma ya yaba da ƙarfin halinta. Sai dai ba shi ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, kwamitin kuma sau ɗaya yake zama a wata.

"Yaushe zai zauna, ɗana?"

"Ranar ashirin ga Maris, Madam."

"Tiyatar ranar sha huɗu ce."

"Ayya. Ba za su iya ɗaga miki ba?"

Doreen ta fizge wayar. "Kai yaro, kwamitin naku ba zai iya matsowa da kwana bakwai ba? Sarakuna ne?"

Ya ce ya fahimci ɓacin ranta, kuma tana da damar shigar da ƙorafi, wanda ake amsawa cikin kwana ashirin na aiki.

Sun buga waya ko'ina a kwanakin da suka rage. Kansilan unguwa ya ce zai bincika. Shugabar sashen tana taro, washegari tana taro, ranar Juma'a ta tafi hutu. Doreen ta ce ita za ta riƙe Declan, amma dukansu sun san magana ce kawai, shekararta saba'in da biyu, kuma ko kofinsa ba ya yarda ta taɓa.

Ranar sha ɗaya ga wata da safe Glenda ta zaunar da Declan da karin kumallonsa, ta jingina da bango, ta kira asibiti. Wata mata ta ɗauka.

"Madam Oldroyd, kin tabbata? In kika saki ranar nan, ba zan iya gaya miki yaushe za ki sami wata ba. Layin ya kai shekara ɗaya da rabi."

"Na sani, 'yata. A ba wani mai buƙata."

"Ciwon ya yi sauƙi ne?"

Glenda ta dubi ɗanta, yana jera gutsattsarin burodi a bakin faranti, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ni da inda zan ajiye yarona ne," ta ce. "Don Allah ku yi haƙuri, na ɓata muku lokaci."