Sista Sannu da Masu Jin Murya Ba Ma'ana

Kafin a buɗe ƙofar asibitin, Sista Sannu ta riga ta share ɗan ɗakinta da ke ƙarshen baranda, ta jera kayan aikinta a kan tebur: kofi, cokali, mataji, makulli, takalmi wari guda. Iyalan majinyata ne suka laƙaba mata sunan, domin komai za ta faɗa sannu a hankali take faɗarsa, idonta cikin idon mutum.

Waɗanda ake kawo mata ba kurame ba ne, ba bebaye ba. Akwai wani wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, daura da kunne, wanda ke mayar da abin da kunne ya ji ya zama ma'ana. In jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a nan, mutum na iya miƙewa da ƙafafunsa, bakinsa na zuba zance ba kai ba gindi, abin da ake ce masa kuwa kamar yaren wata duniya. Sau da yawa ma bai san ya daina ganewa ba. Gani yake kowa ya haɗa baki ana raina masa hankali.

Haka aka kawo wani tela, da shatin igiya a hannuwansa. Ƙaninsa ya ce, "Sista, yaya ya zare. Ko kuma jifa ne."

Ta ce, "Hankalinsa na nan. Hanyar da magana ke bi ta shiga ce ta lalace."

Matar telan ta matso. "To yana jina kuwa?"

"Yana jin muryarki. Kalmomin ne ba sa isa."

Telan ya dube su yana murmushi, ya ce, "Ai rigar ruwan ta hau kasuwa, mun ɗinke ta da safiyar ƙafa, ko ba haka ba?" Matar ta rufe fuska da mayafi.

Yana kwance a asibitin mahaifiyarsa ta rasu. Ƙanin ya gaya masa, telan ya yi dariya. Kawunsu ya zo ya maimaita da ƙarfi, telan ya gyaɗa kai ya ci gaba da surutunsa. Kullum lokacin ziyara sai ya tsura wa ƙofa ido, yana neman tsohuwar da ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Matar ta ce, "Sista, an binne Inna, ɗanta bai sani ba. Ni na kasa."

Sista Sannu ta sa aka kawo mata carbin marigayiyar da mayafinta. Ta zaunar da telan, ta ninke mayafin a gabansa, ta ɗora carbin a kai, ta sa masa a tafin hannu. Sannan ta ɗaga hannuwanta kamar mai addu'a, ta shafa, hawaye na zubo mata. Ya dubi mayafin, ya dube ta. Surutun ya tsaya. Ya kifa fuskarsa a kan mayafin ya fashe da kuka, har aka jiyo shi a baranda.

Telan bai warke ba. Ya kai ga gane "zauna" da "ci abinci", daga nan abin ya tsaya. Ita kanta Sista Sannu ba ta ɓoyewa. Takan ce, "Yawancinsu haka nake sallamarsu. Nakan dai koya wa iyali su daina tsawa, su daina ɗauri."

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ba a turo wanda zai maye gurbinta ba, kuma an ce ɗakin za a mayar da shi wurin ajiyar kwalaye.

Sista Sannu, ke ce kika zauna da waɗanda kowa ya gaji da su. Ke ce mai kwance igiya. Waɗanda kika fi yi wa hidima ba za su iya haɗa kalmar godiya ba, shi ya sa muke yi a madadinsu: mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma matasa masu koyon jinya, ko mutum ɗaya ne, a samu mai zuwa ya zauna kusa da ita kafin watan ya ƙare. Za a ci gaba da kawo irin telan nan. In ba kowa a ɗakin, gida za a mayar da su a ɗaure.