Mai Agogo da Ƙwallon da Ke Zuwa a Makare

Shekara talatin da takwas Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke kallon tashar mota. Teburinsa bai fi faɗin taga ba. A kai akwai gilashin ƙara girma da yake maƙalawa a idon dama, da ƙananan sukuddireba guda tara jere bisa tsawonsu, da gwangwanin alewa cike da alluran agogunan da masu su suka mutu ko suka manta. A makarantar mishan ya koyi girmama lokaci, a hannun wani hedimasta da ke rufe ƙofa ƙarfe bakwai da rabi ko da ƙafarka ɗaya ta riga ta shigo. Har ya tsufa, in ka ce masa “sai an jima”, zai tambaye ka an jima ƙarfe nawa.

Da wayar salula ta shiga aljihun kowa, aka daina kawo masa gyara. Ya kulle rumfar ya miƙa makulli. Bayan shekara biyu matarsa ta rasu. Sai ya rage daga shi sai yayansa, a ɗaki biyu da falo, hawa na farko a gidan haya.

Yayan nan shi ne Gola. Shekara goma sha biyu ya tsare wa ƙungiyar ƙwallon masaƙa raga, lokacin da masaƙa ke aiki, kuma har gobe akwai tsofaffin da ke tuna yadda yake tashi sama ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya. Ciwon suga ya cinye masa idanu. Wata rana ya faɗa kwata a gaban shagon mai aski, mutane suka taru suna ta “wayyo, Gola ne fa”, kuma tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Shekara uku ke nan. Kwana shida na mako yana kwance, fuska ga bango, abinci sai an yi ta lallashi. Amma ranar Asabar da kansa yake neman ruwan wanka, ya sa riga mai guga, ya laluba bango ya fito falo tun ƙarfe uku da rabi.

Rediyo bai taɓa yi masa ba. “Waɗannan surutu suke sayarwa,” in ji shi. “Ba mai gaya maka gola ya fito taku biyu ko yana manne da layi.” Don haka Mai Agogo ya ƙirƙiro tasa dabara. Ya ɗauki tsohon agogon bango, ya cire gilashi da allurai, ya ɗora wa yayansa a cinya. Ragarmu ita ce ƙarfe shida, ta abokan gaba ƙarfe sha biyu. A rage sautin talabijin, shi kuma ya riƙa faɗa, Gola na bi da yatsa.

“Tana ƙarfe uku, Yaya. Ta gangaro huɗu. An ɗago ta. Yaronka, golanmu, ya fito.”

“Da wuri ya fito ko a makare?”

“Daidai.”

“Madalla. Wannan yaron yana da kai.”

Haka suka yi ta yi, har mai gidan ya sake rufi ya ce ba wanda zai ƙara huda masa kwano don kafa dish. Aka sauko da nasu aka jingine a bayan ƙofa. Ɗiyar Mai Agogo, ma’aikaciyar jinya, ta zo ranar hutunta da wani abu kamar ɗan yatsa, ta soka shi a bayan talabijin, ta ajiye ƙaramin akwatin intanet a kan kabad.

“Baba, duniya ta bar dish. Ga manhajar nan, ka danna nan, ka danna nan, wasa ya fito. Ko ruwan sama ba ya ɗauke shi.”

“Kai tsaye ne?”

“Kai tsaye mana. Ga shi a rubuce a kusurwa.” Ta leƙa ɗakin Gola. “Baba Babba, an kawo muku filin wasa har gida!”

Asabar ta farko hoto ya fito tas, har ciyawa ana iya ƙirgawa. Ana minti na ashirin, ƙwallo na tsakiyar fili ba abin da ke faruwa, sai ihu ya tashi daga shagon mai aski, wanda har yanzu dish ɗinsa na kan rufi. Ana buga benci, ana kiran sunan ɗan wasa.

“Me ya faru?” Gola ya ɗago kai.

“Ba komai, Yaya. Tana ƙarfe tara.”

“Ba komai ake wannan ihun?”

Can sai ƙwallon ta gangara, aka buga, ta shiga. Mai Agogo ya faɗa da iyakar muryarsa, amma yatsan Gola bai motsa ba. A ci na biyu ya cire agogon hannunsa ya auna, daga ihun titi zuwa shigar ƙwallo a talabijin ɗinsa. Sakan arba’in da bakwai. Mako na gaba ya sake aunawa. Arba’in da bakwai, wani lokacin hamsin da biyu in wani ɗan da’ira ya fito tsakiyar hoto yana juyawa.

Ba abin da bai gwada ba. Ya rufe tagogi, ya rataya bargo, ya kunna fanka, har zufa ta jiƙe su; ihun ya ratso. Ya kira ɗiyarsa tana bakin aiki, ta ce, “Baba, sakan nawa ne? Ko minti ɗaya bai kai ba fa.” Ya je wurin mai gida ya tsaya riƙe da hula a hannu, mutumin da bai wuce sa’ar ɗiyarsa ba, aka ce masa rufi rufi ne. Daga ƙarshe ya haɗiye girmansa ya tsallaka titi zuwa shagon mai aski, wurin da ya yi shekaru yana kira kasuwar mahaukata.

“Alfarma na zo nema. In an ci, ku ɗan riƙe ihun nan na minti ɗaya.”

Mai aski ya kashe injin aski, ya dube shi ta madubi. “Baba, a riƙe me?”

“Ihun. Minti ɗaya kacal.”

Shagon ya fashe da dariya. Wani da kumfa a gemu ya ce, “Sai dai ka zo ka tsaya mana da agogo, ka ce ɗaya, biyu, uku, ku yi murna!”

“Ka kawo Gola nan mana,” in ji mai aski, yana share hawayen dariya. “Kujerata ma zan ba shi.”

Bai ko isar da saƙon ba. Ya san amsar.

Asabar ta huɗu Gola ya miƙe a hutun rabin lokaci. “Me zan yi da labarin da titi ya riga ya cinye?” Ya laluba bango ya koma ɗaki. Washegari kwanon abincinsa ya dawo yadda aka kai shi.

Nan Mai Agogo ya fara sauraron titi kamar yadda yake sauraron cikin agogo. Ya gane ihu iri biyu ne. In namu suka yi abin kirki, ihun dogo ne da bugun benci, domin yawancin ’yan shagon namu ne. In abokan gaba ne, gajere ne, da fito da zagi. Asabar ta biyar ya kashe sautin talabijin gaba ɗaya. Dogon ihu na tashi, ƙwallo na can ƙarfe tara a hotonsa, ya runtse ido ya ce, “Ƙarfe goma, sha ɗaya, an ba ɗan gaba, ya juya, ta shiga!”

Gola ya zabura, agogo ya kusa faɗuwa, ya yi ihu tare da titi. Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Da cin na gaskiya ya iso talabijin, ta ƙarfe ɗaya aka ci, da ka, amma Mai Agogo bai gyara masa labarin ba. Mutumin da bai taɓa ce wa mai agogo “gobe” ba alhali jibi yake nufi, ya yi mako uku yana ƙaga ƙwallo.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, saura minti huɗu a tashi ana kunnen doki, alƙalin wasa ya ba abokan gaba fenariti. Mai bugu ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Sai hoton ya daskare, ɗan da’irar nan ya fito yana juyawa. Mai Agogo ya danna rimot, ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu. Gola ya dafe ƙarfe shida da yatsu biyu.

“Wace irin tsayuwa yaron ya yi? Gwiwa a lanƙwashe?”

“A lanƙwashe, Yaya.”

Ihu ya tashi, dogo, da bugun benci kamar za a rushe shagon.

“Ya kama! Ya faɗa dama, ƙasa-ƙasa, ya rungume ta!”

Gola ya kife fuska a hannu yana kuka yana dariya. “Na ce yana da kai! Ni ma dama nake faɗawa!”

Abin da Mai Agogo bai sani ba, ranar wuta ta lalace a tashar mota, direbobi suka kwaso suka cika shagon, kuma kusan dukansu magoya bayan abokan gaba ne. Da hoton ya dawo, ya ga yaron zaune cikin raga ya dafe kai. Yana cikin neman ta inda zai fara, sai muryar mai aski ta shigo ta taga daga ƙasa.

“Gola! Sannu da haƙuri! Yaron naka ko motsi bai yi ba, kamar an dasa shi!”

Gola ya sauke agogon a hankali ya ajiye a ƙasa.

“Tun yaushe?”

“Yaya…”

“Tun yaushe kake mayar da ni yaro?”

“Mako uku. Kafin nan wallahi ban taɓa ba.”

“Ta yaya zan sani? Ido ɗaya gare ni a duniya, kai ne.”

Makon nan Mai Agogo bai san yadda ya wuce ba. Ya kai abinci ya dawo da shi, safe da rana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ba da haƙuri har kalmomi suka ƙare masa. Ɗiyarsa ta zo ta auna sugan Baba Babba, ta fito fuska a murtuke ta ce in ya ƙara kwana biyu a haka sai asibiti.

Ranar Asabar ba a nemi ruwan wanka ba. Ƙarfe huɗu Mai Agogo ya kunna talabijin shi kaɗai, ya buɗe tagogi, ya sauke bargon. Ya zauna ya fara faɗin wasa da ƙarfi ga kujerar da ba kowa, abin da ya gani kawai. Wajen minti na talatin ya ji ana laluben bango. Gola ya fito da rigar barci, ya rame, bai zauna ba, ya tsaya ya dafa ƙarfen taga.

Ihu ya tashi a titi.

“Wa ya ci?”

Mai Agogo ya dubi hoton. Ana jifa daga gefen fili.

“Ban sani ba, Yaya. Bai iso ba.”

Gola ya juya ga taga. Sannan ya tura kai waje, ya ɗaga muryar da titin bai ji ba shekara uku.

“Kai, mai aski! Wa ya ci?”

Daga shagon aka amsa da baki goma. “Mu ne, Gola! Mu ne!”

Ya juyo, ya lalubo kujera ya zauna, yana haki kamar ya yi gudu. Mai Agogo ya sunkuyar da kai. Ya san daga yau wannan tambayar ba tasa ba ce.

“To,” in ji Gola. “Na ji an ci. In ya iso, ka gaya mini inda golansu ya tsaya. Kuma kada ka ƙara masa ko taku ɗaya.”