Yawun Da Ban Ce Ya Tofa Ba

Ni mutum ne mai riƙo, tun ina ƙarami aka san ni da haka a gidanmu. Ba na zagi, ba na ɗaga murya, ajiye abu nake yi a raina sai ranar da na samu hanya. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ji abin da ya faru tsakanina da taubashina a Guangzhou ya ce tsautsayi ne kawai.

Takalma nake saye a kasuwar titin Zhanxi Lu ina turawa Kano. Shekara da shekaru ina sunkuye a kan kwalaye ina duba ɗinki da gam, har bayana ya fara ciwo, likita ya ce in riƙa shiga ruwa. A haka na gano wani kwamin ninƙaya mai zurfi, inda ake koyar da nutso da tukunyar iska goye a baya. Malamin wani dattijo ne ɗan ƙasar, gajere mai furfura. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, ni kuma Sinancin kasuwa nake ji, amma muna fahimtar juna.

Ranar farko gilashin nutso na haya ya ɗaura mini, mai 'yan tagogi biyu tsukakku. Ina nutsewa na ji kamar an tura kaina cikin tulu. Ba na ganin komai sai abin da ke gaban hancina, ƙirjina ya toshe, na taso ina haki na ce masa na fasa. Dattijon ya cire nasa daga wuya ya miƙo mini. Shi wannan mai faɗin gani ne, babban gilashi ɗaya a gaba, da ƙananan tagogi biyu a gefe, dama da hagu. Da na sake nutsewa sai ga bangon kwamin ta wutsiyar idona, ga hannuna, ga malamin a gefena ba tare da na juya kai ba. Nan take hankalina ya kwanta. Ranar da na gama koyo ya ce in riƙe shi, ya zama nawa.

Da gilashin ya haɗa mini da tarbiyyarsa. Sabon gilashi, in ji shi, yana zuwa daga masana'anta da wani maiƙo da ido ba ya gani, sai an goge cikinsa da farin man goge baki sau uku ko huɗu, in ba haka ba hazo zai rufe shi a ƙarƙashin ruwa. Duk lokacin da za ka shiga, ka tofa yawu a ciki, ka murza da yatsa, ka ɗauraye sama-sama. In ka fito, ka wanke da ruwa mai daɗi, ka shanya a inuwa. Rana tana busar da robar da ke manne wa fuska, turare da sabulu mai ƙarfi suna cinye ta. Tagogin gefen kuwa ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, ko farce ya taɓa ta sai ya bar shaida. Shekara biyu ina lallaɓa abin nan, ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa.

Sai ga taubashina ya iso baje kolin Pazhou na kaka, ya sauka a ɗakina. Ɗan yayan mahaifiyata ne, saboda haka a al'ada shi ne ubangida ni ne bawa, kuma bai taɓa barin in manta ba. Ƙato ne mai ƙaton gashin baki, mai son turare da son a kalle shi. Ya ɗauki hularka ya sa, ya cinye namanka, in ka yi magana ya ce, “Bawana, yaushe ka samu bakin magana?” Kowa ya yi dariya, kai ma dole ka yi.

Wata Asabar ya bi ni kwamin don ya ga abin da ke hana ni zaman hira. Ina bakin ruwa na tofa yawu a gilashina kamar kullum, ashe ya saita ni da waya. Kafin in fito hoton ya isa guruf ɗin dangi, da muryarsa a kai yana cewa ku zo ku ga ƙazantar da bawana ya koyo a Sin. Kwana uku wayata ba ta huta ba. Ƙannena suka laƙaba mini sarkin yawu, har surukata ta aiko tana tambaya ko lafiya. Na haɗiye wannan, na ce wasan taubasai ne.

Abin da ban haɗiye ba shi ne na ranar Talata. Na dawo daga kasuwa da la'asar, sai na hango gilashina rataye a ƙarfen baranda, rana tana dukansa tun safe. Ɗakin ya cika da ƙamshin turarensa. Yana kishingiɗe yana cin gyaɗa.

“Na yi maka aikin lada, bawana,” in ji shi. “Na jiƙa shi a garin sabulu, na dirje shi da soson ƙarfe, na feshe shi da turare. Yanzu ya zama abin da ɗan Musulmi zai sa a fuska.”

Na ɗaga gilashin a haske. Tagogin gefen nan biyu sun zama fari fat da ƙwarzane, kamar gindin tsohuwar tukunya. Robar ta yi tauri, gefenta ɗaya ya tanƙware. Na ce masa kyautar malamina ce. Ya ce to malamin ya sake ba ni wani mana, ba a garinsu ake yi ba? Ya ƙyalƙyale da dariya har yana ƙwarewa da gyaɗa. Ni ma na yi murmushi, na mayar da gilashin akwatinsa. A raina na ce za ka sha ruwa, taubashi, sai ka sha ruwan kwamin nan har ka ƙoshi.

Hanyar da kanta ta zo. A Pazhou ya ga masu sayar da irin gilashin, ya yanke shawarar zai kai gida ya sayar wa masu nutso a madatsun ruwa. Ya karɓo samfur sabo fil a leda. Ya ce yana son a ɗauke shi hoto a ƙarƙashin ruwa sanye da shi, don masu saye su ga da idonsu. Ya ce in shirya masa da malamin, kuma ni zan yi tafinta. Na ce an gama, ranka ya daɗe.

A bakin kwamin dattijon ya zaunar da shi ya yi bayani dalla-dalla, ina juyawa da Hausa. Ina son a san wannan: ban ɓoye masa maganar numfashi ba. Na ce kada ya riƙe numfashinsa ko sau ɗaya. Na ce ya riƙe igiyar da ake bi a sauka, ya sauka a hankali, duk taku ɗaya ya toshe hanci ya hura don kunnensa ya buɗe. Ba kisa na yi niyya ba. Abu uku kawai na bari a cikina. Da malamin ya ɗaga sabon gilashin ya tambaye ni ko an goge shi da man goge baki, na gyaɗa kai. Da ya nuna gashin bakin taubashina ya ce ruwa zai bi ta nan ya shiga, a rage shi ko a shafa masa man da ke cikin ɗan gwangwaninsa, na ce wa taubashin yaba gashin bakin yake yi. Ya shafa gashin bakinsa yana jin daɗi. Sannan dattijon ya tofa yawu a nasa gilashin, ya nuna masa ya yi haka.

“Me yake cewa kuma?” in ji taubashina, ya yamutsa fuska.

“Al'adarsu ce kawai,” na ce. “Babban mutum irinka ba sai ya yi ba.”

“Allah ya kiyaye,” ya ce. Ya juya wa malamin baya ya tsoma gilashin a ruwa kamar mai yin abin da aka ce.

Ni na tofa nawa, na murza sosai, ina kallonsa.

Ga yadda na tsara abin a raina. Malamin zai sauka gaba da kyamara. Taubashina zai bi igiya, ni ina gefensa na hagu, ni ne mai tsaronsa. Hazo zai rufe masa ido, ruwa ya shiga hancinsa, ya ruɗe ya yi ta fafutuka. Zan bar shi ya ɗanɗana kamar na ƙirga goma, ina kallonsa ta wutsiyar ido kamar ban lura ba, sannan in kama shi in fito da shi yana tari yana majina, kyamara tana ɗauka. A daren nan hoton zai shiga guruf ɗin dangi. Har kalmomin da zan rubuta a ƙasa na tanada.

Muka fara sauka. Ba mu yi nisa ba na leƙa fuskarsa, na ga gilashinsa ya yi fari, idanunsa sun ɓace a bayan hazo. Ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin hancinsa. Daɗi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba, har dariya ta so ta fitar mini da abin numfashi daga baki. Na juya fuskata gaba na fara ƙirge, na bar wa tagar gefe aikin gadinsa, kamar yadda na saba shekara biyu.

Na manta tagar nan ta mutu. Abin da nake gani ta cikinta wata inuwa ce baƙa a cikin farin ƙwarzane, kuma na ɗauka shi ne. Ga robar da ta tanƙware tana shigo mini da ruwa, na ɗaga kai ina hura shi waje ta hanci. Da na kai goma na waiga, inuwar nan igiya ce da kumfa. Babu kowa a jikinta.

Yana ƙasa da ni. Ya saki igiyar ya kai hannu biyu yana yage gilashin daga fuskarsa, dalmar ƙara nauyi da aka ɗaura masa a ƙugu tana jan shi ƙasa da sauri, ba toshe hanci, ba komai. Na bi shi da duk ƙarfina. Na cafko shi ta maɗaurin tukunyar iskarsa a daidai lokacin da malamin ya jefar da kyamara ya iso. Jikinsa yana juyawa kamar wanda jiri ya ɗebe, idanunsa a buɗe ba ya ganin kowa. Na danna masa abin numfashi a baki na riƙe, muka taso da shi a hankali. A bakin kwamin ya yi amai, ya dafe kunnensa na hagu. Wani siririn jini yana bin wuyansa.

Dattijon ya tsamo sabon gilashin daga ruwa, ya shafa yatsa a cikinsa, ya ji santsin maiƙon. Ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya miƙo hannu kawai, na cire gilashinsa daga wuyana na ba shi. Ya juya shi ya ga tagogin gefen, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye mini shi a ƙasa kusa da ƙafata ya tafi. Ban sake komawa kwamin ba.

A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Fatar ta warke bayan wasu makonni, jin bai dawo ba. Guruf ɗin dangi kuwa ya cika da addu'a da sa mini albarka, domin taubashina ya gaya wa kowa bawansa ne ya ciro shi daga bakin mutuwa. Ba wanda ya sake ce mini sarkin yawu. Mahaifiyata ta kira tana kuka tana cewa na riƙe zumunci.

Wani lokaci in na buɗe akwatin na ga tagogin nan, haushin yakan dawo mini sabo. Nakan ce shi ya makantar da tagar da za ta cece shi, da hannunsa da soson ƙarfensa. Gaskiya ne kuma. Sai dai tagar ba ita ta gyaɗa wa malamin kai ba.

Bara ya dawo baje koli, ya sake sauka a ɗakina. Ya rage dariya, kuma yanzu in ana magana sai ya karkato da kansa. Muna tafe a Zhanxi Lu da rana tsaka, cikin hayaniyar masu tura kaya, ya tsaya ya ce, “Bawana, abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Me ya sa gilashina ya yi hazo ran nan, naka tsoho bai yi ba?”

Na gaya masa komai. Man goge bakin, da gashin bakin, da yawun, da ƙirgen goman da na yi ina jin daɗi. Ban rage ko ɗaya ba. Amma kafin in fara sai da na zagaya na koma gefensa na hagu.

Ya ga bakina yana motsi. Ya kamo hannuna ya dawo da ni damansa, ya ce, “Ka manta ne? Ta nan za ka faɗa.”

Na ce masa ba komai, ina jin kayan masana'antar ne ba su da kyau.