Ranar da Na Kayar da Baba a Langa

Wata Juma'a bayan la'asar, a kakar shekarar da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, muka shigo garinmu da ke kusa da Kwaya a kan amalanken jaki, ƙafafunmu duk sun kumbura. Kwana uku muka yi muna langa da samarin wani gari na wajen Mallawa, kuma mu muka ci. Gari na shida ke nan da muka durƙusar cikin kaka biyu. Ni ne ruwa, wato wanda sauran ƴan wasa suke karewa har ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya ya kai masha, wurin da in ya isa an ci wasa. Mata suka bar sussuka suka fito suna guɗa. Baba kuwa yana gindin rumbu yana tufkar igiya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Sannunku da wasan yara."

Maganar ta ci mini rai, don shi ya sa na so langa. Baba ne ruwan garinmu a zamaninsa. Kullum muka zauna ɓarar gyaɗa da yamma sai ya ɗauko labarin: kaka bakwai babu garin da ya cinye su daga Magariya har Dungas, da yadda amininsa Idi Dogo yake zubar da mutum biyu da kafaɗa ɗaya. In labari ya yi daɗi har miƙewa yake ya kama ƙafa ya gwada mana, Inna tana dariya tana cewa zai karya mata kwando. Na haddace sunayen mutanensa fiye da karatun mushe, malaminmu na boko.

To, sai musu ya tashi a gari: su waye suka fi, na da ko mu? Dattawa suka ce su a gona suke yi, cikin kututturen gero, mu kuwa a filin lakwal, wato makarantar boko, da aka share mana, mushe yana busa usur. Mu muka ce ai su garuruwan da ƙafa za ta kai kawai suka sani, kuma labari yana ƙara tsawo in ya kwana biyu. A bakin rijiya musun ake, a maƙera shi ake. Rannan Idi Dogo, wanda lokacin haƙoransa sun fara zubewa, ya ce a daina surutu a gwada. Abin mamaki, dattawan suka yarda. Ba wanda ya kai ni murna, don a lokacin kaina rawa yake.

Da safen ranar Inna ta tare ni a bakin turken awaki. "Sani, in ka haɗu da babanka ka saki ƙafa. Kai ba abin da za ka rasa." Na ce to, ban ma saurare ta ba.

A gonarmu aka yi, gari duk ya fito. Da farko tsofaffin nan sun ba mu kunya, don sun san inda ake sa ƙafa tsakanin kututture, kafin mu farga namu uku sun zube. Amma numfashi ya ci amanarsu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sakin ƙafa suna haki, har ya rage Baba kaɗai tsakanina da masha. Yana tsaye a ƙafa ɗaya, gwiwarsa tana rawa, yana mini murmushi. Akwai hanya ta gefensa, na gan ta sarai. Na nufe shi na ba shi kafaɗa, ya faɗi ta baya, hularsa ta gangara. Samari suka ɗauki ihu. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Madalla, ka iya."

Bai yi fushi ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Labarin ne kawai ya daina. Mukan zauna ɓarar gyaɗa shiru, in na gaji in ce, "Baba, a wane gari ne Idi Dogo ya zubar da mutum biyu?" Sai ya ce ya manta. Haka har Allah ya karɓi ransa.

Yau na wuce shekarun da yake da su ranar nan. Yaran garinmu ƙwallo suke bugawa, ɗana Habu kuma ya kamu da kallon kurket a waya, wasan da ake kwana biyar ana yi, yana ta musu da abokansa kan gwanayen da da na yanzu. Ya taɓa tambayata ko mu muka fi ko su kakansa. Na ce ban sani ba, don ni tsoho na kayar, ban taɓa karawa da saurayin da ya yi kaka bakwai ba a cinye shi ba. Da ya ce in ba shi labarinsu, na tarar rabin sunayen sun ɓace mini, kuma babu wanda zan tambaya. Ni na rufe bakin mai ba da labarin.