Shekarar da Babana Ya Shuka Riɗi

Duk sanda na ji ƙamshin riɗi ana soyawa, sai yunwa ta kama ni, ko da yanzu na tashi daga gaban tuwo. Ka bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar yarinya a ƙauyenmu kusa da Tsamaye, gero da dawa kaɗai gonarmu ta sani. Wata bazara fatake suka kawo labari kasuwar Sabon Birni: fari ya cinye riɗin wasu ƙasashe can bayan teku, masu matsar mai suna neman namu ido rufe. Babana ya dawo gida da iri niƙi-niƙi.

Kakana na zaune gindin rumbu yana tufka igiya. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, “Ba a tuƙa tuwo da riɗi. Bar mani ko rabin gona.”

“Baba, in na saida shi za ni cika maka rumbun nan da hatsi har ya zuba.”

'Yar kusurwa ya bar wa gero. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri, geron mutane ya bushe tsaye, riɗinmu ya jure ya yi kyau. Muka kakkaɓe shi a tabarmi, hannuwanmu na sheƙin mai, inna har da guɗa.

Babana ya kai shi kasuwa a amalanke, ya dawo da shi a amalanke. Wai can ƙasashen an samu ruwa, nasu ya yi yawa, ba mai bukatar namu. Ya gwada kasuwar Isa, ya gwada ta Bafarawa, a ƙarshe ya bayar a wulaƙance. Gero kuwa ya yi tsadar da ko dattawa ba su taɓa gani ba, don har mutanen Nijar sun tsallako nema.

Muka koma kwaɗon tafasa da ragowar riɗi, safe da yamma. Ƙanwata, da ba a daɗe da yaye ta ba, ta rame har kuka ya gagare ta. Rannan kakana ya sauko da damin geron da aka rataye don iri, ya miƙa wa inna.

Babana ya ce, “Baba, iri ne fa!”

“In ta mutu, wa za ka noma wa?”

Aka dama mata kunu, ta rayu. Kakana kuwa in an kai masa nasa sai ya ce azumi yake. Bai ga damina ta gaba ba.

Yau 'yan bindiga sun raba mu da gonar gaba ɗaya. Ina cikin garin Sabon Birni, da tiya nake awo. Mai hatsin yakan duba wayarsa kafin ya faɗi farashi. Jiya ya ce yaƙi ake a wata ƙasa, a wata kuma ba a yi ruwa ba, shi ya sa hatsi ya yi tsada. Na dawo da rabin abin da na je nema. 'Yata ta leƙa ƙwaryar awon, na gaya mata abin da mai hatsin ya ce, ta tambaye ni ina ne ƙasar da ake yaƙin. Na ɗaga hannu in nuna mata, na rasa gabas ce ko yamma.