Kwaɗon da Ba Shi da Harshe

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a ina karanta ilimin dabbobi, mahaifina ya kafe sai na koma karatun jinya. "Karatun kwaɗi! Kwaɗi ne suka yi mana kaɗan a Kura?" Ya ce daga wannan hutun, in na koma in canja. Ranar na sha kuka har na gode Allah.

A hutun kuwa malaminmu ya ba mu aiki kan wani jinsin kwaɗo na Kudancin Amurka mai suna Pipa. Shafaffe ne kamar an taka shi, ba harshe, ba haƙori. Ya ce danginsa na nan Afirka, mu nemo mu ɗauki hoto. Ni uwar iyayi na suri bokiti, kwana huɗu ina bin gefen hanyar ruwa ina ɗaga ciyawa. Ban samo komai ba sai cizon sauro.

Rana ta biyar Baba ya tarar da ni a bakin gonar shinkafarsa. "Ke wai me kike nema?"

Na kwatanta masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai wannan ba ya hawowa tudu. Sai an rufe ruwan noman rani muna yasar hanyar ruwan muke ganinsa cikin taɓo. Mai baƙaƙen farata uku a ƙafar baya, yana tura abinci da hannu kamar mutum?"

Na saki baki. Abin da ke littafina ke nan, tsaf.

Ranar yasa da safe ya cafko mini ɗaya, yana ta zillewa. Ya buɗe bakinsa a hankali ya leƙa. "Ikon Allah! Shekara talatin ina ganinsa, ban san ba shi da harshe ba."

Sai na nuna masa bidiyon Pipa a waya. Macen, ƙwai sun nutse cikin fatar bayanta, ga 'yan kwaɗi cikakku suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Subhanallahi! Goyo take yi? Ba zani, ba majanyi?"

Na ce dangi ɗaya ne da wanda ke hannunsa, sai dai shi a Kudancin Amurka yake, can ƙetaren teku.

"To, wa ya tsallakar da su teku?"

Na ce masana sun ce a da can ƙasarsu da tamu a haɗe suke, daga baya suka rabu.

Da kansa ya mayar da kwaɗon cikin ruwa, a hankali, sannan ya wanke hannu. "Koma ki ƙarasa karatun kwaɗin naki. Amma duk abin da aka koya miki, ki zo ki faɗa mini."

Ina ta neman ilimi a bisa tudu, ashe rabinsa na cikin taɓon da mahaifina ke takawa kullum. Na gama, yanzu ni ma koyarwa nake yi. Kuma duk ranar da na je gida, kafin ya tambayi lafiyar jikokinsa sai ya ce, "Ya labarin mai goyo?"