Sunan da ke Gindin Kwano

A garin Pinder, can cikin tsaunukan Arkansas, babu matar da za ta kai abinci wurin taro ba tare da ta manna salatif a gindin kwanonta ta rubuta sunanta ba. Wai don in an gama ci an wanke, kowa ta gane nata. Haka dai ake faɗa. Verlie Stroud kuwa, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan firamare abinci kafin gwiwa ta ce ta isa haka, ta san salatif ɗin nan yana da wani aikin na daban.

Verlie gajeruwa ce mai ƙaton murya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse birane, ga ta da son karatu kamar me. Duk Alhamis ta farkon wata, ƙungiyar matan garin masu karatun littafi takan haɗu a ɗakin bayan laburare da rana. A tattauna littafin watan, sannan a ci abinci. Verlie ce mai jera kwanuka a tebur, ita ce mai wanke-wanke. Ba wanda ya ɗora mata, ita ce dai ba ta yarda da wankin kowa ba. Daga ƙofar kicin take ganin yadda mace za ta ɗan karkata kwano da yatsa, kamar mai gyara shi, ta leƙa sunan, sannan ta yanke shawarar ko tana jin yunwa.

A shekarar nan matan suka kamu da littattafan talauci. Wannan watan iyalin da aka kora daga gonarsu, wancan watan yarinyar da ke zuwa makaranta ba takalmi. Su karanta, su sha kuka, har a ƙarar da kwalin hankici. Marguerite Ashcraft, matar likitan garin kuma shugabar ƙungiya, ita ce sarauniyar kukan. Ba muguwa ba ce, kowa ya shaida. Sai dai talakan da ke cikin littafi ya fi sauƙin so, tunda ba ya zuwa ya zauna kusa da kai.

Ana nan sai ga Tawnya Boggs ta shigo ƙungiyar. Matashiya ce mai 'ya'ya uku, tana aikin fiɗar kaji a masana'antar bayan gari, tana zaune a unguwar talakawa mai gidajen tirela, irin na kwano masu taya, da ke ƙetaren layin dogo. Verlie ce ta jawo ta, don ta tsince ta a laburare tana karatu a tsaye da takalmin aiki. Aka yi mata murmushi, aka ba ta kujera. Wata uku tana zuwa da gasasshiyar kaza da shinkafa da cuku a wani farantin gwangwani da ya lotsa ta gefe, wata ukun nan tana komawa da shi cike, in ban da wurin da Verlie ta ɗiba.

Ran nan, a kicin, Tawnya ta ajiye farantin ta ce, "Mis Verlie, daga yau na gama. Wanka biyu nake yi kafin in zo, amma kamar warin kajin nan a goshina yake rubuce."

"Ke rufe min baki, 'yar nan. Littafin kin karanta?"

"Sau biyu."

"To je ki zauna. Su rabinsu bangon kawai suka karanta."

Abin ya ci Verlie a rai ƙwarai. In yarinyar nan ta fita yau, ta fita ke nan, kuma ita Verlie ce za ta ɗauki kunyar jawo ta. Tana cikin huci sai idonta ya sauka kan kwanon Marguerite, farin tangaran mai zanen shuɗi, gadon kaka. Mai wanke-wanke ba a ɓoye mata sirri: Verlie ta daɗe da sanin cewa mai aikin gidan likita ce ke biyawa kanti ta sayo duk abin da ta samu, ta juye a tangaran ɗin ta kawo. Marguerite ko murfin ba ta buɗewa.

Verlie ta leƙa, ba kowa. Ta kwashe kazar Tawnya ta ajiye gefe, ta juye taliyar kantin da ke cikin tangaran a farantin gwangwani, ta shimfiɗa kazar a tangaran, ta gyara saman da bayan cokali. "Ubangiji," ta ce a ranta, "Ka ga dai ni ban rubuta ƙarya ba. Kowane suna yana gindin kwanonsa."

Da aka tashi cin abinci, yatsu suka yi aikinsu. Aka karkata, aka leƙa, aka yi layi a gaban tangaran. Kafin ka ce kwabo an ga gindinsa. Loretta Pruitt, matar mai kantin magani, wadda kullum take cewa cuku na tayar mata da ciki, ta koma ƙari har sau biyu.

"Marguerite, kin kashe mu! Me kika sa a ciki ne?"

"Wannan hannu gado ne, ba koyo ba."

"Sai kin rubuta min yadda ake yi, ko in kwana a gidanki!"

Tawnya ta ɗanɗana cokali ɗaya, ta tsaya cak. Wa zai kasa gane girkinsa? Ta ɗaga ido ta dubi Verlie. Verlie ta ci gaba da zuba shayi mai ƙanƙara kamar ba ta san an haife ta ba.

Marguerite ta dubi abincin, ta dubi farantin gwangwanin da ba wanda ya taɓa, ta ga irin taliyar kantin da mai aikinta ke sayowa. Fuskarta ta yi ja har kunne. Da ta ce "na gode" ta yi shiru, da magana ta ƙare, Tawnya ba za ta tona ta ba. Amma rabin sa'a kafin nan ita Marguerite ce ta tashi tana hawaye tana cewa da ita ce matar mai gonar da ta ɓoye gaskiya a littafin watan, da ta faɗi gaskiya.

Ta ajiye cokali. "'Yan uwa, rabona da kunna murhu tun auren 'yata Kimberly. Wannan ba girkina ba ne. Nawa ga shi can, na kanti, kuma Allah Ya taimake ku da ba ku ci ba." Ta juyo. "Verlie Stroud, tsohuwar banza, aikinki ne wannan?"

"Ni fa idona ya yi rauni," in ji Verlie. "Kwanukan ne suka yi min kama."

Farin tangaran da lotsattsen gwangwani! Dariya ta ɓarke, har mai kula da laburare ta leƙo tana "shhh". Loretta ta yi dariya har ta sarƙe, amma kunnuwanta su ma sun yi ja. Ita ce ta fara matsawa kusa da Tawnya da biro da takarda, don ta rubuta yadda ake girkin.

Marguerite ta share ido ta ce, "Tawnya, wata uku ba mu tambaye ki ba. Me kika gani a littafin nan?"

"Ya yi daɗi, Misis Ashcraft. Amma marubucin bai taɓa zama a unguwarmu ba. Shafi ɗari uku, ba wanda ya yi dariya ko sau ɗaya! Mu da za mu yi kuka haka, yaushe za mu yi girki?"

Ranar sai da aka kore su, don lokacin rufe laburare ya yi.

Verlie ta kai shekara tamanin da biyu tana wanke-wanken ƙungiyar, kuma har ta bari ba ta amsa laifinta ba. Matan Pinder ba su zama waliyyai ba, har gobe ana ɗan karkata kwano a leƙa. Sai dai a wata na gaba, da Verlie ta ga Loretta na bin tebur tana leƙa gindin kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ta daka mata tsawa: "Me kike nema kuma?"

"Na Tawnya mana," in ji Loretta. "Ina kika ɓoye shi?"